Ku Masu Aika Mota Gida: Fulogi Shida Ba Shi Ne Cin Tsere Ba

Duk inda 'yan Arewa su ka taru a nan Kurmi, ko Idi-Araba ne, ko Agege, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, in hira ta yi nisa sai an gangaro kan mota. Da an gangaro kuwa, tambayar guda ce: fulogi nawa gare ta? Mai shida ya gyara zama, mai huɗu ya yi shiru kamar wanda a ka kama da laifi. Da a ce gardamar a teburin mai shayi ta ke ƙarewa, da ba ni da ta cewa. Amma bin mutum ta ke yi har Berger ranar da zai sayi mota, ta sa ya ƙara kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa don a ce injinsa babba ne, sa'an nan ya danƙa wa direba makulli ya ce a kai wa ƙanensa Bauchi. Daga nan labari ya fita daga hannunsa. Shi yana Ikko yana fama da zafi da cunkoso, motar kuwa tana can wajen Ƙofar Wambai ranar ɗaurin aure ko yammacin Salla, an jera ta da ta wani yaro a kan titi ana jiran a ga wa zai riga.

Tun da abin ya zama haka, bari mu yi maganar da ilmi, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ra'ayina shi ne girman inji kaɗai ba ya ci wa mota tsere, kuma wanda ya fahimci dalili ba zai yarda a yi tseren a cikin gari ba.

Da farko, mene ne girman inji? Ka ɗauki kowace silinda kamar turmi, fistin kuwa taɓarya ce mai hawa da sauka a ciki. In a ka auna cikin turamen nan gaba ɗaya, daga inda taɓarya ta ke sauka zuwa inda ta ke tsayawa a sama, abin da a ka samu shi ne girman inji. Shi ne lambar nan da ka ke gani a bayan mota, 1.8 ko 2.4 ko 3.5, watau lita. Wasu su kan ce sisi 2,400, duk abu ɗaya ne. Babban turmi ya fi cin iska da fetur a bugu guda, saboda haka ya fi ture taya da ƙarfi. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Camry ɗin nan ta 2007 zuwa 2009 da ta cika titunanmu iri biyu ce: mai lita 2.4 tana da ƙarfin doki 158, mai lita 3.5 tana da 268. In duka biyun sababbi ne, a tseren mita 402 babbar za ta isa cikin sakan 14 zuwa 15, ƙaramar sai kamar sakan 17. To, ai ka ga masu fulogi shida suna da abin faɗa.

Amma ka tsaya tukuna. In girman inji ne kaɗai magana, da tirela ce sarauniyar gudu, don injinta ya kan kai lita 12, wasu ma sun fi. Ga shi kuwa tsohuwar Golf mai lita 1.8 za ta bar ta a baya tun kafin direban tirela ya gama sa giya ta uku. Babban babur na tsere mai lita 1 kacal, wanda nauyinsa bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba, ya kan cinye mita 402 ɗin nan cikin kamar sakan 10, ya bar Camry mai fulogi shida tana shaƙar ƙura. Abin da ke aiki shi ne doki nawa ke jan kilo nawa. Kowane mai amalanke ya san wannan lissafi ko bai taɓa shiga aji ba. Camry tana da nauyin kilo 1,500 ko sama kaɗan. Ka zuba mata samari biyar 'yan rakiyar ango, ka ƙara mata kilo 350 ke nan, kusan rubu'in nauyinta, rabin fifikon da ka saya da tsada ya tafi.

Turawa sun daɗe da gane cewa akwai hanyar ƙara wa inji ƙarfi ba tare da an faɗaɗa turmi ba, watau a dinga cusa masa iska da ƙarfin tsiya ta hanyar na'urar da a ke kira tabo. Motocin gasar Formula 1 tun 1,600 sisi su ka koma a shekarar 2014, ƙasa da injin Corolla mai 1.8, amma tare da taimakon lantarki ƙarfinsu ya kan doshi doki 1,000. Yanzu ma ga motocin lantarki da ba su da turmi ko ɗaya, ba fulogi balle a ƙirga. A 2021 wata Tesla da a ke sayar wa kowa ta yi mita 402 cikin sakan 9 da ɗan ɗori.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da ke sayen mota a bakin teku mu kai ta tudu. Inji da iska ya ke rayuwa, iska kuwa tana ƙara sirancewa in ana hawa sama. Injin da ba shi da tabo ya kan yi asarar kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Ikko a gaɓar teku ta ke. Bauchi tana sama da teku da kamar mita 600, Jos kuwa ta kai 1,200. Ke nan motar da ka gwada a gadar Eko ta ba ka sha'awa, in ta isa Bauchi ta rasa kusan kashi 6, a Jos kusan 12. Sai yaro ya bugo waya ya ce, "Yaya, motar nan fa ba ta ja kamar yadda ka ce," a tafi wurin bakanike a kwance abin da lafiyarsa lau.

Yanzu mu zo kan giya, inda a nan ne gardamar ta fi zafi, kuma a nan ne a ka fi tafka kuskure. Aikin giya shi ne musayar gudu da ƙarfi. A yawancin ƙananan motoci, in kana giya ta ɗaya inji ya kan juya sau 13 zuwa 15 kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi ya sa mota ke iya tashi daga tsaye da kaya, amma ba ta nisa sai inji ya fara kuka. A babbar giya kuwa inji ya juya sau 3 ko ƙasa da haka taya ta juya sau ɗaya, ga gudu amma ba ƙarfin fizga. Tseren gajeren zango kusan dukkansa a ƙananan giyoyi a ke yin sa. Saboda haka mota mai ƙaramin inji wadda giyoyinta ke kusa da juna tana iya kunyata mai babban inji wadda a ka yi wa dogayen giyoyi don tafiyar nesa da tsimin mai.

Tsofaffin direbobinmu na tasha, waɗanda su ka ƙoshi da Fijo 404 da 504, har gobe ba sa ganin atomatik da gashi. Motar mata ce, in ji su, ko ta malalata. A zamaninsu suna da gaskiya. Atomatik ta wancan lokaci giya uku gare ta, tana shan wani kaso na ƙarfin inji a banza, ga jinkiri wajen canji. Amma zamani ya juya. Direba ko ya kai gwanin gwanaye, tsakanin taka kuloci da jan giya da sakin kuloci ya kan ɓatar da kusan rabin sakan, kuma a wannan ɗan lokaci inji ba ya tura taya ko kaɗan. Canji uku, an tafi da fiye da sakan ɗaya a tseren da dukkansa sakan 15 ne. Atomatik ta zamani mai giya 8, ko mai kuloci biyu, tana canji kafin ƙiftawar ido. Bugu da ƙari, a cikin atomatik akwai wata ƙwarya mai cike da mai wadda ke tsakanin inji da giyabos, a lokacin tashi ta kan ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu. Shi ya sa a Amurka, inda wannan wasa ya samo asali, dubban masu tsere sun fi son wata tsohuwar atomatik ta kamfanin General Motors mai suna Powerglide, wadda a ka fara ƙerawa a 1950. Giya biyu tak gare ta. Abin da su ke so a wurinta shi ne ba ta canza hali, abin da ta yi jiya shi za ta yi yau, ba kamar ƙafar ɗan Adam ba.

Mafi ban mamaki su ne manyan dodannin wasan, waɗanda a ke kira Top Fuel. Doka ta ƙayyade injinsu kada ya wuce lita 8.2, watau bai kai na tirela ba, amma ƙarfinsa ya kai doki 11,000. Ba fetur su ke sha ba, wani sinadari ne mai suna naitromitan. Giyabos kuwa babu shi sam. Kuloci ne mai faifai da yawa wanda a ka saita ya dinga kamawa sannu a hankali, don in ya kama gaba ɗaya tayoyi za su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi. Duk gwanintar ƙungiyar tana wurin mai saita kulocin nan. Ka ga ashe ko mai doki 11,000 damuwarsa ita ce yadda ƙarfin zai isa ƙasa. In taya ba ta kama kwalta ba, ƙarfin inji hayaniya ce kawai. To, ina ga motar da ke kan tayoyin gwanjo da su ka gama rayuwarsu a Turai, a kan titin da iskar hunturu ta shimfiɗa wa yashi?

A nan ne na ke so mai karatu ya buɗe kunne. Motocin Top Fuel su kan wuce kilomita 530 a awa cikin ƙasa da sakan 4. Amma a ina? A fili na musamman, mai katanga dama da hagu, an share kwalta an fesa mata wani abu mai danƙo, direba yana cikin kejin ƙarfe da rigar da wuta ba ta ci, ga laima biyu a baya don tsayawa, ga ramin yashi da raga a ƙarshe, ga motar kashe gobara da likita suna jira. Bayan kowane gudu guda sai an kwance injin an sake ɗaura shi. Duk da wannan tanadi, a watan Yuni na 2008 wani sanannen direba, Scott Kalitta, ya rasa ransa a filin Englishtown a Jihar New Jersey, bayan injinsa ya fashe kuma motar ta wuce ƙarshen fili. Hukumar wasan, NHRA, ba ta yi gardama ba, ta rage wa manyan motocin nan zango daga mita 402 zuwa 305 don a sami ƙarin wurin tsayawa. Mutanen da su ka ƙirƙiro wasan, masu kuɗi da kayan aiki, su ne ke rage tsawon tsere saboda tsoron mutuwa.

Mu yi lissafi irin namu. Camry mai fulogi shida in ta cika mita 402 tana gudun fiye da kilomita 150 a awa. Wurin da mota ke bukata ta tsaya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa ya ke yi: in ka ninka gudu sau 3, nisan burki ya ninku sau 9. A gudun kilomita 50, wanda shi ne ƙa'idar cikin gari, direba mai hankali a kan busasshiyar kwalta zai tsaya cikin mita 30, har da lokacin da zai ɗauka kafin ƙafarsa ta isa burki. A gudun 150 yana bukatar kusan mita 170, fiye da tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi. Duk wanda ya san Bauchi ya faɗa mini, a ina cikin ganuwa ko bakinta, daga Ƙofar Wambai zuwa Wunti, daga Ƙofar Ran zuwa Nasarawa, za ka sami mita 570 a miƙe babu ɗan makaranta, babu almajiri, babu Keke Napep, babu akuya, babu tsohuwa mai tallan ƙosai? Garin da Malam Yakubu ya kafa ya zagaye da ganuwa fiye da shekara 200 da su ka wuce, don mutane da dawaki da jakuna a ka tsara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Shekarun ƙannenmu ke nan, da na yaran da ke tsaye a gefen titi suna yi musu tafi.

Ko da Allah ya tsare ba a taɓa kowa ba, aljihunka ba zai tsira ba. Motar Beljiyam ta riga ta sha duniya kafin ta sauka Apapa ko Kwatano. Yaro ya sa ta a firi, ya taka totur har ƙasa, sa'an nan ya fizgo giya don taya ta yi ƙara 'yan mata su juyo. Sau nawa ka ke tsammani giyabos zai jure wannan? Sababbin atomatik masu bel a ciki, irin na wasu Nissan da Corolla, su ne ma su ka fi saurin mutuwa a wannan wasa. Mai giyar hannu kuwa kulocinsa ne zai ƙone. Bayan wata biyu sai ga waya, sai ga ka a Ladipo kana cinikin giyabos da kuɗin da ka ware na haya. Ga kuma mai. Tun da a ka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, fulogi shida ya zama kamar auren mace mai tsadar cefane, kowa na sha'awa daga nesa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani zai ce, to Malam, samari fa ba za su daina son gudu ba. Haka ne. Mu jikokin masu sukuwa ne. Amma kakanninmu ba su yi sukuwa a tsakiyar kasuwa ba, fili su ka ware mata, shi ya sa Kano da Kaduna ke da Filin Sukuwa. A nan Ikko ma, dandalin da a ka sa wa sunan ɗan Bauchi, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, asalinsa filin sukuwa ne, a nan a ka sauke tutar Ingila a 1960. Amurkawa ma da irin matsalarmu su ka fara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarinsu sun addabi titunan Kalifoniya da tsere, har a 1950 a ka buɗe musu wani filin jirgin sama a Santa Ana, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa NHRA don a kwashe su daga titi a sa musu doka. A Ingila, filin Santa Pod da a ka buɗe a 1966 tsohon sansanin jiragen yaƙi ne. Jihar Bauchi ba ta rasa ƙasa ba. Miƙaƙƙiyar kwalta mai tsawon kilomita ɗaya a bayan gari, da shinge, da motar asibiti, da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su duba taya da burki da hular kwano kafin kowa ya shiga, ba abin da ya fi ƙarfin gwamnati ba ne, ko ma attajirai uku in sun haɗa kai. Bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe yana haɗawa da gasar motoci, ba a ce addini ko al'ada sun rushe ba. Wanda kuma a ka kama yana yi a cikin gari bayan an ba shi fili, a karɓe motar, ko ɗan wane ne.

Kuma ni a ganina ribar irin wannan fili ta wuce ta nishaɗi. Bauchi gari ne da ya taɓa haɗa manyan motoci da taraktoci a kamfanin Steyr tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Kaduna ke haɗa Fijo tun 1975, Ikko na haɗa Volkswagen, Inugu na haɗa Marsandi. Yawancin waɗannan sun durƙushe, amma har yanzu akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejojin fasaha a garin, cike da yara masu karatun injiniya waɗanda ba su taɓa auna mota da agogo ba. A filin tsere a ke koyon abin da allo ba ya koyarwa, a rage nauyi a auna, a canza giya a auna, a rage iskar taya a sake aunawa. Bakaniken da ya saba da agogo ya daina gyaran kirdado.

Tsofaffin direbobi kuwa, in sun ji haushin abin da na faɗa a kan atomatik, ga abin da zai faranta musu rai. A 1975, a gasar Safari ta ƙasar Kenya, wadda a ke yi ta dubban kilomita cikin laka da ƙura, Fijo 504 mai silinda huɗu da lita 2 ce ta zo ta ɗaya a hannun Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin. Ta biyu da ta uku motocin Lancia Stratos ne masu silinda shida, da injin kamfanin Ferrari. A mita 402 da sun yi mata fintinkau. Amma hanyar ba mita 402 ba ce, kamar yadda hanyar Ikko zuwa Bauchi, ta Lakwaja da Akwanga da hawan Jos, ta fi kilomita 1,000.

Saboda haka ɗan'uwa, in ka shiga Berger ko ka tsallaka Kwatano, tambayi kanka aikin da motar za ta yi. In ta haya ce tsakanin Bauchi da Gombe ko Kano, nemi mai fulogi huɗu da giyar hannu, wadda kowane bakanike a garin zai iya kwancewa, kayanta kuma ba sai an aiko daga Ladipo ba. In ta kai iyali asibiti da gona ce, atomatik mai lita 1.8 ko 2.4 ta isa har ta yi yawa, sai dai a kula da man giya, a zuba irin wanda kamfani ya rubuta. Rarar kuɗin da za ka ƙara don fulogi shida, sayi sababbin tayoyi huɗu da su, ka duba shekarar da a ka buga a gefensu. Takardun mota su zauna da sunanka. Makulli kuwa kada ka aika wa yaro kai tsaye, aika wa Baba ko Kawu, ka gaya musu a gaban yaron, ko da ta waya ne, cewa ranar da a ka gan ta a jere da wata a kan titi, ranar za ta dawo Ikko.